Kafin In Ɗaga Ƙoƙon Kava

Litinin, 5 ga Agusta

Yau ma Nalau bai zo nakamal ba, dandalin da maza ke taruwa da yamma. Ni ne babba a dandalin nan, ni ke fara ɗaga ƙoƙon kava, ruwan saiwar nan da muke sha mai kwantar da jiki, amma wurin zaman ɗana a gindin ceɗiya wayam. Maza sun lura, ba wanda ya ce uffan, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Tun da ya dawo daga aikin gona a Ostareliya haka yake, ba ci ba magana, sai zama a bakin tsauni yana kallon teku, ƙafafu na lilo a saman rami. Na ce wa uwarsa Naswai ta daina bin sa. Ni ma jiya na bi shi, daga nesa.

Me ya rage ba mu yi ba? Shi ke tuƙa motar da ta kife a can, abokinsa Kowiya ya mutu, gaskiya ne. Mun kai wa Natuman, uban Kowiya, alade da tabarmi da saiwar kava da sai mutum biyu suka iya ɗauka. Natuman abokin kaciyata ne. Ya karɓa, muka sha tare, muka yi tofi ga kakanni. In an yi sulhu an binne magana ke nan, ba a tono ta ko da wasa. To me yaron nan yake so kuma?

Laraba, 7 ga Agusta

Wata sabuwa. Wata Baturiya da ta kama bukkokin baƙi na bakin ruwa wai bikin warkarwa take yi. Naswai ke dafa musu abinci, ita ta kawo mini labari. Laimar kwaɗi suke ci, irin wadda ke tsirowa a kashin shanu, wai tana buɗe zuciya. Kashin shanu fa! Su sa fararen kaya, a kaɗa wata ganga da ban san ƙasarta ba, a banka hayaƙin ganye. Duk wannan ruwansu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da kava suke buɗe taron, garin leda, a kofin gilashi, da rana tsaka, maza da mata a cakuɗe. Har tofi take koya musu, su jeru suna fesa yawu suna dariya. Ni sai da na yi gemu ubana ya yarda na tofa a gabansa.

Kuma wai da sun sha sai kowa ya hau ba da labarin ransa. Kava ba ya son surutu. Duk abin da ke bakinka ka faɗe shi kafin babba ya sha. Da ya sha, shi ke nan, kowa ya kama bakinsa ya saurara. Jariri ma a tsibirinmu na Tanna ya san wannan.

Asabar, 10 ga Agusta

Baturiyar ta zo har gida, tana ta haɗa hannuwa tana ce mini Sarki. Wai in zo in sa wa bikinta albarka, in ɗaura ganye a kai don baƙi su gani. Na tambaye ta in ta tofa kakannin wa take kira, nata ko nawa. Ta ce ai duk ɗaya ne. Na ce to nawa dai ba sa jin Turanci.

Naswai ta ce na yi rashin kunya ga baƙuwa. Ita ba ta ga wadda aka yi mini ba.

Lahadi, 11 ga Agusta

Fasto ya zuba kava da laimar kwaɗi a kwando ɗaya a wa'azinsa. Na fita tun kafin waƙar ƙarshe.

Talata, 13 ga Agusta

Ɗaya daga cikin baƙinta ya tuɓe ya faɗa teku yana ihu wai shi kifi ne. Masunta suka tsamo shi da ƙyar, ya sha ruwa ya ƙoshi. Ga warkarwa nan. Ita kuwa tana bakin gaɓa da gangarta.

Alhamis, 15 ga Agusta

Nalau ya je bikin Baturiyar. Ɗana, jikan mutumin da ya dasa ceɗiyar nakamal, ya zauna a da'irar 'yan yawon buɗe ido ya ci abin kashin shanu. Baturiyar ce ta same shi a bakin tsauni ta ja shi da daɗin baki. Ya dawo idanu jajur, riga duk amai. Na ɗaga sanda, Naswai ta shiga tsakani.

Ta ce, "Baban Nalau, in ka dake shi, tsaunin can ne zai karɓe shi."

Na ajiye sandar. Na fasa tukunya a maimakonsa, tukunya mai kyau kuwa.

Juma'a, 16 ga Agusta

Ya ci gwaza kwano biyu da safe. Naswai sai kallona take. Yunwa ce kawai, wanda ya yi amai dole ya ci.

Asabar, 17 ga Agusta

Ashe akwai abin da Naswai ta ɓoye mini. Tana kicin ɗin Baturiyar ranar, bango na kara ne, ta ji muryar Nalau. Kuka yake yana magana, magana mai tsawo. Kowiya bai mutu nan take ba. Ya jima a gefen titi, kansa a cinyar Nalau, kuma ya yi magana. Da ta ji haka sai ta toshe kunne ta fita da gudu, don ba ita ya kamata ta fara ji ba.

Wato maganar ƙarshe ta ɗan Natuman, wasu Turawa masu jan hanci da ba su san sunan ƙauyenmu ba sun ji ta, za su hau jirgi da ita su ba da labari a teburin cin abinci, uban da ya haife shi bai ji ba. Tir. Na so in je in yaga gangar nan.

Na ce wa Naswai me ya hana shi faɗa mana, mu ba mutane ba ne?

Ta ce, "Yaushe? Ya sauka daga jirgi kuka tare shi da alade. Kuka binne magana kafin ya buɗe baki. A dandalinku kuma kai kake fara sha, ba ka taɓa barin ƙoƙo ya huta a hannunka ba."

Mace ba ta taɓa taka nakamal ba, amma wai ta san yadda nake sha. Ban ci abincinta ba yau.

Litinin, 19 ga Agusta

Nalau ya koma bakin tsauni. To ina warkarwar? Sun kwance masa baki yini ɗaya, sun tafa masa, sun watse. Baturiyar ma an ce jibi za ta tafi wani tsibirin.

Laraba, 21 ga Agusta

Na ce wa Nalau ya zo nakamal da yamma, umarni ne ba roƙo ba. Ya zo ya rakuɓe can baya. Samari suka tauna saiwa, aka tace, aka miƙo mini ƙoƙo. Na karɓa. Na zauna da shi a gwiwata.

Aka jira. Wani ya yi gyaran murya. Wani ya ce ko ƙuda ne ya faɗa ciki, Tsoho? Na ce in ya gaji da jira ya je wurin Baturiya, can ba a jira. Rana tana ta sauka, wuta tana cin itace. Ban kalli kowa ba. Na ce kawai, ban sha ba tukuna, baki a buɗe yake.

Natuman ya dube ni, ya dubi Nalau. Ya gane, tun muna yara ya fi ni saurin ganewa. Shi ke da ikon ya tashi ya ce an ci mutuncin sulhu, da kuwa na rasa ta cewa. Sai ya matsa ya buga ƙasa kusa da shi.

"Zo nan, ɗana. Kowiya ya sha wuya?"

Nalau ya rarrafo. Muryarsa kamar ta wanda ya kwana da zazzaɓi. Ya ce Kowiya bai yi kuka ba, ya dai tambaya ko rana ta faɗi. Da ya ce masa ta kusa, sai Kowiya ya ce, "Yanzu su Baba sun ɗaga ƙoƙo a gida. Yi shiru mu saurara." Suka yi shiru. Nalau ya ce yana ta jira ya ji Kowiya ya ce wani abu kuma, ashe ya cika.

Shi ya sa ba ya iya zama cikin shirunmu. Ni kuwa kullum ina jan sa zuwa ciki.

Natuman ya riƙe ƙeyar Nalau ya jima. Daga baya ya ce mini, "Kai tsohon banza, sha mana, kava ya kwanta." Na motsa shi da yatsa na sha. Ban tuna abin da na ce a tofin ba.

Lahadi, 25 ga Agusta

Baturiyar ta tafi, ta bar wa Naswai gangar. Na ce a shanya barkono a kai. Har gobe ina nan a kan bakana, abin da take yi wasa da rai ne da satar kayan mutane, kuma kada wanda ya ce mini ita ta yi wani abu.

Nalau ya kama sharar gonar Natuman, can yake yini. Bai cika magana ba har yanzu, amma bai koma tsauni ba.

Samari na gunaguni wai kwanan nan ina daɗewa da ƙoƙo a hannu. Jiya wani da ya dawo daga Ostareliya bara ya yi ta ba da wani dogon labari, ba kai ba gindi, har sauro ya fito. Na bar shi ya kai ƙarshe. Kafaɗata ce ke ciwo, ba ta ɗaguwa da sauri kamar da.