A Nuna Mini Dokar Soket, Kada In Tsallaka Wurin Sabi'u

Zuwa ga Shugaban ofishin da ke duba aikin wutar lantarki a yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, Allah ya sa haka, amin. Sunana Ɗanlami, ina aikin wayarin a garin Wudil tun ina saurayi, kuma ni ne mai rumfar cajin adaidaita sahu da babura masu aiki da batir wadda ke jikin masallacin tasha. Na zaɓi in rubuta a fili ne domin na gaji da zama a bencin ofishinku.

Na farko, yadda abin ya faru. Lokacin da adaidaita masu batir suka fara shigowa garin nan, ni na fara lura cewa direba ba ya son tsayawa sau biyu. Yana so ya jona kekensa, ya yi alwala, ya yi salla, ya ci abinci, ya dawo ya tarar batir ya ɗan farfaɗo. Shi ya sa na nemi izinin limamin masallaci na kafa rumfa dab da famfon alwala, na jera soket a bango. Masu ɗauko mutane daga Indabo da Achika da Dagumawa duk nan suke sauka, ranar Juma'a kuwa sai an yi layi. A farkon daminar nan wani jami'inku ya zo, ya dubi bangon, ya dubi ruwan da ke gangarowa daga famfo, ya ce an yi wa doka gyara, soket ɗin cajin abin hawa yanzu yana da nasa sharuɗɗan daban, kuma nawa bai cika su ba. Ya ce in dakata har sai na gyara. Ban yi masa musu ba, domin na sha ganin direba ya taso daga alwala hannunsa sharkaf ya zare waya. Tambaya ɗaya na yi masa: wane gyara aka yi, kuma a ina yake a rubuce? Ya ce in zo ofis.

Na biyu, neman da na yi. Na zo ofis. Aka ce mai riƙe da littafin dokar ya tafi Kano. Da na dawo na same shi, ya ciro mini littafi mai kauri da Turanci, muka buɗa tare, sai ya tuna ai wannan tsohon ne, tun kafin gyaran. Sabon kuwa, in ji shi, yana intanet. 'Yata Hafsat, wadda ke karatu a makarantar gaba da sakandare, ta ƙarar da datarta tana nema. Ta samo dokoki iri-iri, amma na ƙasashen da ko ƙarfin wutarsu ba irin namu ba ne. Na koma ga abokan sana'a, kowa da abin da ya ji. Wani ya ce dole kowane soket ya sami layinsa shi kaɗai tun daga mita. Wani ya ce a'a, abin da ake so shi ne na'urar nan mai katse wuta da kanta idan ta fara bin jikin mutum. Wani ya ce murfin kare soket daga ruwa ne da wayar da ake binnewa a ƙasa, a kuma ɗaga soket sama. Nawa ne tsayin? Wane nisa daga famfo? Babu wanda ya sani. Ranka ya daɗe, ba zan fasa bango in sayi kaya a kan ji-ta-ji-ta ba, gobe wani jami'in ya zo ya ce ba haka ake nufi ba.

Na uku, kuma nan ne ciwon yake. Akwai mutum ɗaya a garin nan da ya san amsar, shi ne Sabi'u, ɗan gwaggona. Rumfar cajinsa tana tsallaken titi, tana kallon tawa. Bayan tawa ya buɗe tasa, kuma a wurina ya ga yadda ake yi. Ƙanin matarsa yana aiki da wani ɗan kwangila a Kano, shi ya kawo masa labarin gyaran tun kafin ya ɗaura waya ɗaya. Ban ce ya ba wani wani abu ba, kuma ban ce aikinsa ba shi da kyau ba. Yana da kyau, wallahi, har haushi yake ba ni. Soket ɗinsa a jere cikin akwatuna masu murfi, ga tambarin ofishinku a manne a sama inda kowa zai gani.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin ƙyashi. Ina zaune a rumfata babu kowa sai ƙudaje, ina kallon direbobin da na sani da sunansu suna jona keke a can, su tsallako su yi alwala a gabana, su gaishe ni suna sunkuyar da kai, su koma. Inna Talatu mai shinkafa da wake, wadda ni na ba ta gefen inuwata, ta kwashe tukwanenta ta bi ciniki. Ban ga laifinta ba, amma ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Ina istigfari, ina cewa rabon kowa daban, sai in ɗaga kai in ga an ƙara masa wani keken.

Za ka ce me zai hana in je in tambaye shi, tunda ɗan'uwana ne. Ka san al'adarmu. Sabi'u taubashina ne, ni ɗan namiji, shi ɗan mace. Tun muna yara nake kiransa bawana a gaban mutane, shi kuma ya rama da abin da ya samu, a yi dariya a watse. Yanzu ya samu. Ya aiko mini cewa duk abin da nake nema yana cikin wayarsa, zai karanta mini har ya zo da kansa ya taya ni aikin, amma sai na tsallaka ranar Juma'a, na tsaya a gaban direbobi na ce, "Ubangidana, bawanka ya zo neman ilimi." Duk tasha ta ɗauka, har an fara tambayata yaushe ne bikin. Wasa ne, na sani, kuma ba a fushi da taubashi. Dariya nake yi da su, amma cikina ba ya dariya.

Saboda haka ga roƙona. A fitar da gyaran da aka yi wa dokar soket ɗin caji, a fassara shi da Hausa, a manna a ƙofar ofishinku da tashoshin mota. Duk jami'in da zai rufe wa mutum wurin neman abinci, ya zo da sharaɗin a hannunsa, ya nuna masa da yatsa. A kuma turo wanda zai faɗa mini gaskiya game da famfon nan: ko akwai gyaran da zai sa in zauna, ko tashi zan yi. Ban roƙi a taɓa rumfar Sabi'u ba. Abin da ya sani nake so in sani, daga bakin hukuma, kamar kowane ɗan ƙasa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya raya maka zuriya. Limamin masallaci ya ce ba zai bar rumfa a rufe ba alhali wani mai shayi yana neman wurin, kuma yana da gaskiya. Idan ban ji daga gare ku ba, Juma'a mai zuwa zan sa babbar rigata in tsallaka titi in faɗi abin da aka ce in faɗa, domin ina da iyali. Amma ka sani, ranka ya daɗe, ba Sabi'u ne ya durƙusar da ni ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ɗanlami Mai Wayarin,
Bakin masallacin tasha, Wudil.