Fitila a Rijiyar Gangara

Gangara, Afrilu 1974

Zuwa ga Mairama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Habi da mutanen Turba duka.

Ƙanenki Kalilu yana kwance asibitin Sabon Birni. Yana numfashi, amma bai farka ba. Gara ki ji daga gare ni kafin 'yan kasuwa su kawo miki nasu.

Kin san rijiyar bayan masallaci ta ƙafe, ana ta ƙara mata zurfi. Jiya da hantsi Kalilu ya shiga haƙa, can sai aka ji shiru. Aka kira ni, tun da ni aka tura garin Isa horon 'yan agajin sa-kai. Shi ne horon da Kalilu yake yi mini dariya a kansa, yana kirana sojan guga.

Tsohon da ya koyar da mu, tun lokacin yaƙi ya fara aikin, ramukan ɓuya daga jirage yake haƙa wa mutane. Ya sha gaya mana rami mai zurfi yakan tara iskar da ba ta shaƙuwa, kuma gawa ta biyu a rijiya yawanci ta mai ceto ce. Ka'idar ita ce a zura fitila tukuna. Na zura, ta mutu. Na kunna na sake zurawa, ta sake mutuwa.

Yayanki Usmanu ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu. Na riƙe igiyar na hana shi. Ya ce da ɗan uwana ne a ciki da ban tsaya wasa da fitila ba, ya kuma mare ni gaban jama'a. Ban saki ba. Na sa aka ɗauko zugazugin Ɗanmusa maƙeri da tiyon ban-ruwa, muka yi ta tura iska ƙasa har fitila ta daina mutuwa. Sannan na shiga da kaina na ɗauro shi.

Mun daɗe, Mairama. Ba za ni rage miki wannan ba.

Ki gaida Gwaggo, ki shafa mini kan Habi.

Mijinki,
Wada


Gangara, ranar Jumma'a

Zuwa ga Mairama,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku da tarin Habi, ko ya yi sauƙi.

Saƙonki ya iso ta bakin mai jaki: kin ce kin ji. Bai ƙara kome ba. Na tambaye shi yadda fuskarki take, ya ce bai duba ba.

Na je Sabon Birni. Malamin asibiti ya ce wanda ya jima ba iska yakan farka, amma wani ba ya ƙara gane mutanensa. Na tambaye shi ko jinkirinmu ne ya jawo, ya ce ba ya iya sani. Innarku tana zaune bakin gadon. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango.

Usmanu ba ya yi mini magana. Amma shekaranjiya da za su shiga rijiyar fadama, ya aiko ɗansa aron fitilata.

Kullum ina sake auna abin. Da na saki igiyar, wataƙila Kalilu yana nan yana tsokanata. Wataƙila kuma da gawar 'yan'uwanki biyu muka ciro. Na san abin da aka koya mini, kuma ko gobe haka za ni yi. Abin da ban sani ba shi ne ko za ki iya zama da wanda ya yi hakan.

Ba a ga hadari ba har yau. Ki ci gaba da zama Turba tun da rijiyarku tana ba da ruwa.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Wada

Bayan na rufe wasiƙar, direban motar hatsin agaji ya tsaya ya ce Kalilu ya buɗe ido da safe, ya nemi ruwa. Ya ce ya ji ana cewa ya kira sunan Inna, amma shi bai shiga ɗakin ba. Gobe za ni je in gani.