Zanen da Ka Yi a Bangon Littafina

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, ina fatan ƙasar Bici ta yi maka sauƙi. Damina biyu ke nan da rasuwarka, kuma tun da ka tafi rayuwa take ƙara tsanani. Gero ya yi tsada, mai ya yi tsada, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya.

Ka san tsohuwar bas ɗin surukinka, wadda yake ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Tsanyawa. Sitiyarinta ya fara rawa a hanya. Zuwa gareji ya gagara, sai ya ɗage ta a kan jak a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ya cire taya, ya zare roba, amma tayarod na ciki, sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota, ya ƙi motsi. Kwana uku yana fama. Ya jiƙa shi da kananzir, ya ja da sifana har tafinsa ya fashe. Ran Laraba ya gaya mini in bai kwance ba zai sayar da motar ga 'yan gwangwan, ya tafi Kudu yin acaɓa. Ga cikina wata bakwai, Baba.

Na shiga ɗaki na zauna ina tuna garejinka. Shekara nawa ina kai maka abincin rana, in zauna a kan tsohuwar taya da littafin soyayya a cinya? Kakan ce, “Uwata, ɗago kai ki ga abin da ke ciyar da ke.” Ban taɓa ɗagowa ba.

Sai ranar nan ta faɗo mini. Ranar da ka fizge littafin daga hannuna da yatsunka duk baƙin mai, ka juya bangonsa ka yi zane da biro, kana cewa, “Ƙarfe ba ya jin fushi. Nemi abin da ya riƙe shi.” Na yi kuka don ka ɓata mini littafi. Kwana uku ina gaishe ka ban dubi fuskarka ba.

Na zazzage akwatina na aure har na same shi. Ga zanen: sandar, da ɗan faifan ƙarfe a gindinta wanda ake lanƙwasa bakinsa don ya kulle ta. Ka ja kibiya ka rubuta, a miƙe wannan tukuna. Gefe guda ga shaidar babban yatsanka, baƙi ƙirin.

Na leƙa zaure na miƙa wa surukinka. Ya daɗe yana kallo. Ya kankare tsatsa da laka, sai ga faifan nan a ɓoye. Ya sa kurfi, bugu biyu da guduma ya miƙe. Da ya ja sifana, sandar ta yi ƙara sau ɗaya ta juya.

Jiya ya kai mutane kasuwa. Ba zai tafi Kudu ba.

Da ya dawo mini da littafin, na ga ya bar nasa yatsan kusa da naka. Ban yi fushi ba. Da ma kai ma haka na yi maka, Babana. Ka yafe mini kwana ukun nan.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sa hannayen da suka ciyar da mu su karɓi littafinsu ta dama. Amin.

Taka har kullum,
wadda kake kira Uwata.