Yatsana Ba Na Wilmer Ba Ne

Yudelka,

Mireya maƙwabciya ke rubutawa, ni ke faɗa.

Kina fita aiki da safe sai ga Wilmer ɗinki da takardar zaman ƙasa da kwalbar tawada, wai tunda albashinki bai kai ba, ni zan tsaya masa da gidana, cinsa da kwanansa a wuyana. Na ce ya fara gaya mini abin da ya kumbura miki ido jiya. Wai ƙofa ce.

Na ce to ƙofar ta tsaya masa.

Ya murɗe mini hannu, ya tsoma babban yatsana a tawada zai danna da ƙarfi. Taɓaryar dakan tafarnuwa tana ɗaya hannun nawa, na maka masa a baki. Haƙoransa biyu suna ƙarƙashin tebur, ya fita yana tofar da jini.

Kar ki share, kar ki goge komai. Na hau acaɓa zuwa wurin 'yan sanda, ina so su ga ɗakin yadda yake, su ga hannuna. Ki sa sakata. In ya dawo yana kuka, addar babanki tana bayan murhu.

Mireya ta karanta mini takardar. An ce mai tsaya masa ne zai biya jirgin mayar da shi Benezuwela in an kore shi. Wannan layin kaɗai na yarda da shi, ko akuyata zan sayar.

Ga dangwalena a ƙasa, da ragowar tawadarsa.

Uwarki, Casilda