Allurar Ejang

Aromo, 18 ga Maris

Baban Ejang,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kuma aikin gonar kwakwar manja bai fi ƙarfinka ba. Yaya ciwon bayan nan? Mu nan lafiya, an fara ruwa, na shuka riɗi.

Saƙonka ya iso, wai a daina yi wa Ejang allura tunda mahaifiyarka ba ta so. Amsata ita ce a'a. Na rubuto ne domin a waya ba ka bari na kai ƙarshen magana.

Ba ka nan ranar da ma'aikatan lafiya suka zo makarantar su Ejang da wata 'yar na'ura, suna ɗora wa yara a ƙirji. Cikin ajinsu gaba ɗaya yara biyu aka ware, har da 'yarka. A babban asibitin Lira likita ta nuna min da idona: wata ƙofa a zuciyarta ba ta rufuwa sosai, jini yana komawa baya. Ta ce ciwon maƙogwaro ne da ba a sha masa magani ba ya sauka ya taɓa zuciyar. Allura duk kwana ashirin da takwas har ta girma, ita ce za ta hana abin ƙaruwa. In an bari, sai tiyata a Kampala, in ma an samu.

Imat, mahaifiyar taka, ta ce, "Yarinyar da ke tsere da awaki ita ce mai ciwon zuciya? Ke dai kina son yawon gari." Ranar allura ta ɓoye sarƙar kekena. Da ƙafa muka je, na goyo Ejang muka dawo, domin allurar tana da zafi, ba zan ɓoye maka ba.

Ka gaishe da abokan aikinka.

Matarka,
Akullu

Aromo, 2 ga Afrilu

Baban Ejang,

Ina gaisuwa, da fatan kana cin abinci a kan lokaci. Ejang tana gaishe ka, ta ce ka tuna da takalmanta.

Danginku sun zauna a kaina ranar Lahadi, a ƙarƙashin mangwaro. Laifina wai da na kai Ejang asibiti na zubar da mutuncin kawunka Odur, wanda shekara talatin yana matse wa yaran garin nan kumburin maƙogwaro da yatsa har ya fashe. Ya ce, "'Yata, ni na matse wa mijinki, ga shi can ƙato." Na zauna a ƙasa kamar yadda ya kamata, amma bakina bai zauna ba.

Na ce ban zo ɗora wa kowa laifi ba. Sau uku aka kai Ejang wurinsa, kuma duk ukun ni na danne mata ƙafafu tana kiran sunana. Na dawo ina murna an yi magani. Wannan abin yana ci na har yau, ban taɓa faɗa maka ba.

Sai na ambaci Awor. Ka yi haƙuri, na san ba a kiran sunan ƙanwarka a gidan nan. Amma na tuna ƙafafunta a kumbure, da yadda take barci a zaune, da yadda haihuwar fari ta tafi da ita. Ita ma sau nawa aka matse mata? An ce maita ce. Ni ban ce na sani ba, tambaya na yi. Imat ta tashi ta shige ɗaki.

Hukuncinsu: in na sake kai yarinyar allura, in wuce gidan ubana. To, na ji. Katin asibiti yana hannuna.

Taka,
Akullu

Aromo, 11 ga Afrilu

Baban Ejang,

Gaisuwa da fatan alheri. Shirunka ya iso, na gode.

Jiya kwanakin suka cika. Da rana tsaka na fito da keke, da sarƙar da na aro, na ɗaure ƙullin kayana a baya, na ɗora Ejang. Ta tsakar gida na bi don kowa ya gani.

Muna kan layi a asibitin garinmu sai ga Imat a kan babur ɗin haya, da rigar zuwa coci. Ko kallona ba ta yi ba. Ta wuce wurin ma'aikaciyar jinya, ta daɗe tana ba ta labarin Awor. Matar ta ce ba za ta rantse ba, amma alamun sun yi kama. Da aka kira Ejang, Imat ta ture ni ta ce, "Matsa, ke kuka kike sa ta." Ita ta riƙe ta.

A hanya ta dubi ƙullina ta ce, "Kwance tsummokaran nan, wa zai cire min ciyawar riɗi?" Ba ta yafe min ba, ni ma ban roƙa ba. Amma yau da safe na ga igiya rataye a ƙofarta, ƙulli ashirin da takwas na ƙirga kwanakin allura, ta riga ta kwance ɗaya.

Saura kai. Allura ta gaba ranar Alhamis ce, 8 ga Mayu. Ka nemi hutu ka zo ka riƙe 'yarka. In ba ka zo ba, mu za mu je.

Ka zo mata da takalman.

Matarka,
Akullu