Na Ce "Na Duba" Alhali Idona Ba Ya Gani

Malam Edita, ina gaishe ka da aiki, ina gaida duk mai karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya ɗaga baki ya zage ni, ya bari in kai ƙarshe. Ku yi haƙuri da manyan baƙaƙen da na yi rubutun da su, ban iya kai wa marubucin wasiƙa ba, don abin bai kamata kunne na biyu ya ji shi a Gusau ba.

Ni tsohon makanikin reluwe ne. Da aka sallame ni da fansho sai na gane ashe aikin ake gaisarwa, ba ni ba. Nakan yini a zaure daga hantsi zuwa la'asar babu mai sallama sai kaji. Ina cikin wannan hali wani tsohon soja da muke ce wa Saje ya turo mataccen babur ƙofar gidana, ya ce, "An ce kai na likitan ƙarhe. Tashe shi mu gani." Na tashe shi, shi kuma ya jawo ni cikinsu. Mu biyar ne, duk tsofaffin ma'aikata, kowa da gwanjon baburinsa mai tari kamar mai shi. Ranar Lahadi mukan fita tsere a hanyar Tsafe, mutanen gari suna dariya wai furfura ta haukace. Ba su san abin da ke tsakaninmu ba. Da damina ta kayar mini da katanga, su suka zo suka kwaɓa ƙasa. Da matata ta rasu, Mista Yohanna, tsohon akawu Kirista daga kudu, kwana uku yana zaune a tabarmar makoki kusa da ni, bai tashi ba.

Muna da doka ɗaya da Saje ya kafa. Kafin tsere ba wanda zai duba baburinsa da kansa. Ɗan'uwanka ne zai duba maka birki da sarƙa da taya, ya bugi sirdin da tafin hannu ya ce, "Na duba, hau." Saje yakan ce mutum yana iya yi wa kansa ƙarya a kan abin hawansa, amma ba zai yi wa ɗan'uwansa ba. Wanda kuwa ya faɗi kalmar nan bai duba ba, babu shi babu mu har abada.

To ga abin da nake ɓoyewa. Shekara guda ke nan yanar ido tana rufe mini gani. Hanya ina ganinta dishi-dishi, mutum ina gane shi da tafiyarsa, amma ƙaramin abu kamar zaren wayar birki sai na kai shi bakin hanci. Shi ya sa kullum ni ne na ƙarshe a tsere, ina bin ƙarar na gabana, suna tsokanata da Baba Sannu, ina taya su dariya. In na faɗa, wa zai bar makaho ya hau babur? Ina zan koma, zauren nan da kaji?

Lahadi biyar da suka wuce duba baburin Mista Yohanna ya faɗo a kaina. Na durƙusa na bi wayar birkin da yatsa, sai wani abu ya soke ni. Wallahi na ji sukar, kuma shekara talatin ina aikin ƙarfe, na san ma'anarta: zare ya fara tsinkewa. Abin da ya rage in sunkuya in kai fuskata in ga zare nawa ne. Amma duk suna tsaye a kaina, Saje yana cewa, "Baba Sannu, ko nan ma nawar taka za ka yi muna?" Sai na ji tsoro su ga yadda nake lalube. Na ce a raina zare ɗaya ne, zai kai yau, gobe in canza masa ita. Na bugi sirdi na ce, "Na duba, hau."

Gab da duwatsun Tsafe, a gangara, shanu suka ratso hanya. Kowa ya ja birki ya tsaya. Mista Yohanna ya ja, waya ta tsinke. Ban ga faɗuwarsa ba, ƙararta na ji, sannan na ji muryarsa daga cikin kwazazzabo yana kiran sunan matarsa. Cinya ta karye, ƙugu ya goce. Makiyayin shanun ne ya taimaka muka ɗauko shi, bawan Allah yana ta ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba.

Kullum ina zuwa gidansa duba shi. Shekaranjiya ya kama hannuna ya ce, "Malam, ka daina damuwa. Kai ka duba fa. Abin da idonka bai gani ba, ba idon da zai gan shi." Matarsa ta kawo mini abinci, na bar shi a rufe na fito. Wane irin mutum ne ni? Mutumin da ya zauna mini makoki, ni na tura shi rami, kuma shi ke rarrashina!

Abin da ya sa na rubuto ma ya fi wannan. Saje ya tara mu ya ce, "Abin ga da yaf faru ya ishe mu. Mu dai ba mu san ƙarhe ba. Daga yau mutum guda ad da duba, shi na wanga da Allah yab ba sani." Ya nuna ni. Duk suka ce haka ne. Nan da mako uku za mu fita hanyar Bungudu, wadda ta fi ta Tsafe ramuka da gangara, kuma babura huɗu dukkansu da bakina za a hau su. In na yi shiru, ina tsoron na gaba ba gida za a kai shi ba, makabarta. In na faɗa, dole in faɗa har da sukar da na ji a yatsa, in kalli Mista Yohanna a kwance in ce masa na sani. Daga ranar ba ni da kowa a garin nan.

Jiya Saje ya turo nasa baburin ya jingine mini a zaure tun da wuri, wai in duba a tsanake. Da zai fita ya juyo ya ce, "Raina na hannunka, Baba Sannu," ya yi dariya ya tafi. Tun safe nake zaune ina kallon inda baburin yake, inuwarsa kawai nake gani.

Jama'a, don girman Allah ku gaya mini, ni yanzu me zan yi?