Buhunan Gyaɗar Kawu Maiwada

Balan, Gaya
4 ga Nuwamba, 2024

Yayata Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggo Hanne da duk mutanen gidan. Ya aiki, ya Kano? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da take tashi in ta daɗe a tsaye. Ta ce in gaya miki ki daina wasa da cin abinci. Malam Garzali direba na ba wannan takardar, don kin san ba na iya magana a wayar Baba yana zaune yana kallona.

Yaya, ƙawayena sun dame ni da tambayar aikin me kike yi. Na ce musu kamfanin man gyaɗa ne ya ɗauki waɗanda suka gama jami'a, ku goma sha biyu, yana koya muku yadda ake kai kaya daga gona zuwa masana'anta, wace mota, wace rana, ta wace hanya. Sai Fiddausi ta ce ashe duk karatun nan 'yar kamasho za ki zama a tasha. Ni kuwa kwana uku ban ara mata littafi ba.

Na karanta saƙonki sau biyu. Na gane wannan ne lodin farko da aka bar miki ki tsara ke kaɗai, kuma da shi za a duba mutum huɗu da za a bari a Kano, sauran a tura su wasu jihohi. Ban manta sharaɗin Baba ba: ko Kano a gidan Gwaggo, ko ki dawo gida. Shi ya sa ranar Asabar na shiga mota na tafi Ajingi wurin Kawu Maiwada, in dubo miki gyaɗar lodin a sitonsu.

Yadda Kawu Maiwada yake yi miki a waya, haka ya yi mini. Na tambaye shi buhu nawa 'yan ƙungiyarsu ta manoma suka tara, ya ce alhamdulillahi. Na sake tambaya, ya ce alhamdulillahi an samu. Wai amfanin gona ba a faɗar adadinsa, baki yana cinye albarka, mota ta zo kawai ta ɗauki abin da Allah ya bayar. To na je siton kamar yadda kika ce. Gyaɗa buhu ɗari uku ce, har da ɗoriya. Ki turo babbar motar.

Akwai wata magana, amma don Allah kar Inna ta ji. Kin tuna Mudassir, ɗan limamin unguwar su Kawu, mai koyarwa a Islamiyya? Yana bakin siton ranar, da shuɗiyar shadda. Ya ce mini sannu da zuwa ƙanwar manaja. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma tun daga Ajingi har Balan nake juya shi a raina. A littattafai daga irin haka ake farawa, ko ba haka ba? Kar ki yi mini dariya.

Ki gaishe da Gwaggo. Allah ya sa ki cikin huɗun nan.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Muhsina


Balan, Gaya
19 ga Nuwamba, 2024

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma lafiya, kuma Gwaggo tana lafiya. Inna tana gaishe ki. Ni ma lafiyata ƙalau, in dai ta jiki ce.

Takarda ta uku ke nan, biyun farko na yaga.

Ranar da kika zo Ajingi da tirelar, ni da Inna muna gidan Kawu tun safe don mu gan ki. Ina leƙe ta zaure lokacin da kika sauko daga gaban mota da hijabinki da rigar kamfani a kai, kina riƙe da takardu, 'yan dako suna jiran ki ba su umarni. Wallahi ji na yi kamar in fita in gaya wa kowa yayata ce. Sai aka fara fito da kaya. Layi biyu na gaba gyaɗa, bayansu gero, bayan geron dawa. A cikin gyaɗar ma Kawu ya sa aka ware ta iri da ta zakka. Na ji kina ƙirgawa a hankali har kika tsaya a ɗari da goma sha biyu. Direban ya zagaya motar yana mita, wai an taso shi tun daga Kano da motar buhu ɗari uku don ya ɗauki kayan akori-kura. Kika koma gefe kika kira manajanku, na ji kina cewa kuskurenki ne, ba ki tabbatar ba. Ko sunana ba ki ambata ba. Da za ki tafi kika dafa kaina, kika ce buhuna suna rikita ido.

Yaya, ba su rikita mini ido ba. Ban shiga siton ba.

Da na isa ranar, maza sun kai goma a kan tabarma a bakin ƙofa, sai na ratsa ta tsakiyarsu kafin in shiga. Kin san ni, ko a aji malami ya kira sunana muryata rawa take yi. Ina tsaye ina neman yadda zan yi sallama, Mudassir ya yi maganar nan, dattawan suka yi dariya, ƙafafuna suka ƙi gaba. Daga inda nake na hango buhuna har rufi. Na ƙirga na layin gaba, na kimanta zurfin ɗakin da ido, na ninka, na juya na tafi. A mota ban sake tunanin buhu ba, tunanin da nake yi kin riga kin karanta shi. Da na zauna rubutu sai hannuna ya rubuta har da ɗoriya, don ki ji daɗi, ki ce Muhsina ta girma.

Abu ɗaya kika roƙe ni, in shiga da ƙafata in taɓa kowane buhu. Shekara huɗu kina jami'a, shekara ɗaya kina bautar ƙasa, wata nawa kina lallashin Baba, ni kuma na kasa taku goma.

Ko akwai wanda zan rubuta wa a kamfanin in ce ni ce? In akwai ki turo mini sunansa. Ki yafe mini, ko ki yi mini faɗa, kowanne zan karɓa.

Ƙanwarki,
Muhsina


Balan, Gaya
11 ga Disamba, 2024

Yaya Barira,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Gwaggo. Ya jiki, ya haƙuri? Kowa a gida lafiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Sau uku ina tare Malam Garzali a bakin titi ko kin ba shi amsa. Na ukun da ya hango ni tun daga nesa ya girgiza kai. Ban ga laifinki ba.

A bakin Inna na ji cewa ba kya cikin huɗun, Yola aka tura ki, kuma Baba ya ce ki haɗa kayanki ki dawo ƙarshen wata. Na ji shi yana gaya wa Inna dama ya faɗa, aikin motoci da 'yan dako ba na mace ba ne, ga shi lodi ɗaya ya gagare ki. Ni kuma ina tsakar gida ina wanke-wanke, kwano ɗaya na yi ta cuɗawa.

Jiya bayan la'asar na je zaure. Baba yana tare da Malam Ja'afar, abokin karatunsa da ya zo daga Kademi, na so in juya, amma na san in na juya shi ke nan. Na durƙusa na faɗi komai, ban da shuɗiyar shadda. Muryata ta yi ta yankewa har Baba ya ce in ɗaga murya, ba da tabarma nake magana ba. Ya tambaye ni buhu nawa na taɓa da hannuna. Na ce ko ɗaya. Ya tambaya ko kin sani. Na ce kin sani tun sati uku. Sai ya ce ai da ke ya yi waya shekaranjiya, ya yi miki faɗa son ransa, ba ki ce masa uffan a kaina ba.

Malam Ja'afar ne ya yi dariya, ya ce Maiwada ya ɓoye adadi, ƙarama ta ƙirƙiro adadi, babba ta ɗauki laifi, to a cikin ukun wa ya dace a damƙa wa amanar kaya? Ya ce ƙanwarsa Larai tana aure a Yola, mijinta malami ne, gidan ba shi da hayaniya. Ni dai kuka nake yi, ina cewa Baba a bar ta ta tafi, Baba a bar ta ta tafi, ban san sau nawa na faɗa ba.

Yau da safe Baba ya kira ni ya ce ya amince, shekara ɗaya, a gidan Larai, sannan a gani. Ni kuma ya ce hukuncina yana nan tafe, sai ya yi shawara da Inna. Gobe zai kira ki. Na so ki fara ji daga wurina, shi ya sa zan ruga in ba Malam Garzali kafin ya tashi.

Na tambayi malaminmu nisan Yola, ya ce yini guda ne cur a mota. Da Kano ce, da duk sati biyu muna ganin ki. Ni na sa aka kai ki can, ni kuma na durƙusa na roƙa a bar ki ki tafi, har yanzu ban san wanne ya fi yi mini ciwo ba.

Ba sai kin rubuto ba, Yaya. Amma Baba ya ce za ki biyo ta gida ki yi kwana biyu kafin ki wuce. In kin sauka zan zo in karɓi jakarki. Don Allah ki bar ni in ɗauka.

Ƙanwarki har kullum,
Muhsina